Ranar ƙarshe a Holan: in hau keken har filin jirgi ko in ɗaure shi tun dare?

Ɗan Daura:
Assalamu alaikum. Kwana 9 ke nan ina zagaya Holan a kan keke, yanzu ina Utrecht, kuma jibi da safe jirgina zai tashi daga Schiphol, filin jirgin da ke kusa da Amsterdam. Raina yana son in taka kilomita 40 ɗin da suka rage zuwa Amsterdam gobe, amma ina tsoron lokacin ɗaure keken ya ƙure mini. Me kuke gani?

Daga Ƙofar Soro:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka taka abinka bayan sallar asuba, domin ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce kuma kekuna suna da hanyarsu daban, amma ka isa kafin azahar, ka ba aikin saka keken a kwali yammacin gaba ɗaya. Za ka cire feda, ka juya kan keken, ka rage iskar tayu. Ka lura cewa fedar hagu a juye ake kwance ta. Ni na taɓa shafe awa guda ina ƙara ɗaure tawa da sufana, hannuna duk baƙin mai, ina zaton tsatsa ce.

Malama daga Katsina:
Ka tuntuɓi kamfanin jirgin yau ɗin nan, saboda yawancinsu suna son a sanar da su keke tun da wuri, kuma kuɗinsa daban ne. Ka naɗe sarƙa da giyar keken da tsofaffin riguna, tunda bayan jirgi akwai doguwar tafiyar mota kafin Daura.

Ɗan Daura:
Na gode, Yaya, na gode, Malama. Yanzu na gwada fedar hagun, ta kwance.