Bindigar farauta mai sakata a kan dala 900: wacce zan ɗauka?

Bakatsine:

Assalamu alaikum jama'a. Ina zaune a Amurka, jihar Pennsylvania. Na gama kwas ɗin koyon farauta, lasisi ma ya fito, saura bindiga. Irin mai sakata nake nema, wadda ake ɗanawa da hannu bayan kowane harbi, tunda dokar jihar nan ba ta yarda a harbi barewa da mai ɗana kanta ba. Dala 900 na ware, komai da komai.

A shago an nuna mini Savage Axis II, Ruger American da Tikka T3x. Mai shagon sai tura ni yake wajen Tikka, alhali ita kaɗai ta kusa lashe kuɗin. Ga kuma rikicin harsashi: wani ya ce .308, wani .30-06, wani 6.5 Creedmoor. Farautar barewar sati biyu ce kawai, daga Asabar ɗin da ke bin bikin Thanksgiving na ƙarshen Nuwamba. Sauran shekara takarda zan riƙa harbi, yadi 100 zuwa 200. Masana a taimaka.

Sarkin Baka:

Wa alaikumus salam, Malam Bakatsine. Kafin a zo maganar wace bindiga, fara raba kuɗin. Bindiga ba ta tafiya ita kaɗai: akwai madubin saiti, zobban da za su riƙe shi, maratayi, jaka, abin toshe kunne, kayan goge bututu, sai harsashi aƙalla kwali huɗu ko biyar kafin hannunka ya faɗa. In ka ba bindiga dala 450 zuwa 550, madubi da zobba kamar 250, abin da ya rage ya tafi a harsashi da tarkace, lissafi ya fita. In ka ɗauki Tikka kuwa, za ka koma gida da bindiga mai kyau wadda babu abin saita ta.

Ba kushe Tikka nake ba. Kamfanin Sako ke ƙera ta a Finland, sakatarta sulɓi gare ta kamar an shafa man shanu, kunamarta kuma tun daga kwali ba ta neman gyara. Amma barewar da ke tsaye a yadi 80 cikin kurmi ba ta san bambancin ba.

Tsakanin biyun da suka rage, Ruger American zan nuna maka. Sakatarta haƙora uku gare ta, saboda haka digiri 70 kawai hannun yake ɗagawa, ba ya gugar madubi, yatsunka ma ba sa maƙalewa in kana sanye da safar hannu a sanyin Disamba. Ta Axis haƙora biyu ne, digiri 90, kuma tana da ɗan tauri wajen ɗagawa. Kunamar Ruger ana saita nauyinta tsakanin laba 3 zuwa 5. Sabuwar, wadda suke kira Gen II, makullinta, wato abin da ke hana ta tashi, mataki uku ne, na ƙarshen yana kulle sakatar gaba ɗaya don kada reshe ya fizge ta ta buɗe kana tafe. Ta ɗan fi tsohuwar tsada.

Axis II tana harbi daidai, wannan babu gardama, kuma ita ce mafi araha. Ka dai tabbatar mai II ɗin ce, mai kunamar AccuTrigger, don ta farkon kunamarta nauyi gare ta. Halin AccuTrigger ɗaya da ke ruɗa sabon hannu: akwai siririn ƙarfe a tsakiyarta, in ka ja kunamar ta gefe ba ka danne shi sosai ba, za ka ji ƙas amma ba ta tashi ba. Ba lalacewa ta yi ba, sai ka ɗaga sakata ka sake ɗanawa.

Akwai ta huɗu da ba a nuna maka ba, Howa 1500 ta Japan, wadda uwarta ɗaya da Weatherby Vanguard. Ta fi Ruger nauyi da fiye da rabin kilo. Mai hawa tudu da ita zai ji a kafaɗa, amma a kan benci wannan nauyin ne ke shanye shuri. Tunda wata goma sha ɗaya takarda za ka harba, in ka same ta a farashi mai sauƙi kada ka wuce ta.

Harsashi kuwa .308 Winchester. Kowane shago akwai shi, akwai mai araha na atisaye, kuma bututunsa yana kai harbi 5,000 ko fiye kafin ya fara gajiya.

Ɗan Maƙera:

Abin da Sarkin Baka ya faɗa haka yake. Ni inda zan tsaya shi ne wajen haɗawa, don yawancin bindigogin da ake cewa "ba ta da saiti" lafiyarsu ƙalau, noti ne ya saki.

Da farko, waɗanda ake sayarwa haɗe da madubi a kwali ɗaya, sau da yawa madubin da zobban na cika ido ne. Gara ka sayi bindigar zalla, ka nemi madubi 3-9x40, mai kusanto da abu ninki uku zuwa tara, irin Vortex Crossfire II, Burris Fullfield ko Leupold VX-Freedom. Ninki tara ya ishe ka har yadi 300. In Axis ka ɗauka, sa mata doguwar shimfiɗar ƙarfe guda ɗaya a sama maimakon guntaye biyu. Gangar jikinta doguwa ce, in madubin gajere ne zobban ba za su bar ka ka matsar da shi gaba ko baya ba.

Ka sayi sukurudireba mai awon ƙarfin ɗauri, ko ka aro. Awon inci-laba ne, ba ƙafa-laba irin ta makanikan mota ba. Wanda ya rikita biyun zai tsinke noti nan take. Goge maiƙon da ke ramukan da notocin da barasar goge ƙarfe. Notocin shimfiɗa a ɗiga musu shuɗin gam na noti, ɗigo ɗaya, kada a kuskura a sa ja, don shi sai da wuta yake kwancewa. Notocin saman zobba inci-laba 15 zuwa 18 ne galibi, a riƙa ɗaura su a gicciye kaɗan-kaɗan har giɓin hagu da na dama su zo ɗaya. In ka matse fiye da haka ka lotsa bututun madubin, sai ka ga kana murɗa saiti amma harsashi bai bi ba. Manyan notoci biyu da ke haɗa ƙarfe da ƙota kuwa, bi abin da littafin bindigar ya ce, don kowane kamfani da nasa. Ruger American 60 zuwa 80 ne.

Kafin ka ɗaure zobban, sa rigar sanyin da za ka yi farauta da ita, murɗa madubin zuwa ninki tara, rufe ido ka kai bindiga kafaɗa, sannan ka buɗe. In ba ka ga da'ira cikakkiya ba, madubin za ka matsar, ba wuyanka ba. Tazarar ido da gilashi ta kai inci uku da rabi. Ƙasa da haka, ranar da ka harba kana fuskantar tudu, bakin madubin zai tsaga maka gira.

Ƙotar robar waɗannan masu arahar tana lanƙwasa ta gaba. Ɗauki takardar dala ɗaya, zura ta tsakanin bututu da ƙota, ja ta har gindi. In ta maƙale a wani wuri, roba na taɓa ƙarfe, kuma duk lokacin da bututu ya yi zafi harbin zai kauce. A naɗa sanfefa a jikin sanda mai kauri a rage wurin. Wajen harbi kuma, buhun yashi ya zauna ƙarƙashin ƙota kusa da gidan harsashi, ba can bakin gaba ba, kuma kada bututun kansa ya hau komai.

Saiti: tura tsumma ta baya ka fitar da maiƙon kamfani tukuna. Cire sakata, kafa bindigar a kan yashi, leƙa ta cikin bututu har ka ga tsakiyar takarda a yadi 25, sannan ka murɗa madubi ya zo wurin ba tare da bindigar ta motsa ba. Harba ɗaya. Yawancin madubai kowane ƙas ɗaya na abin murɗa saiti kwata ɗin inci ne a yadi 100, wato a yadi 25 sai ka yi ƙas 16 kafin ka matsa inci ɗaya. Nan mutane ke ƙona rabin kwali suna cewa madubi ya mutu. Koma yadi 100, harba uku, auna daga tsakiyar ukun, gyara, jira minti biyar bututu ya huce. Da .308 mai giren 150 (giren awon nauyin kan harsashi ne), in ka bar shi yana sauka inci biyu sama da tsakiya a yadi 100, a yadi 200 kusan tsakiya zai faɗa.

Malam Na-Allah:

Ni a kan harsashi na ɗan saɓa da Sarkin Baka. Bindiga mai kilo uku da .308 tana shuri, .30-06 ma ta fi. Gogaggen maharbi ba zai damu ba, amma sabon hannu bayan harbi goma sha biyar sai ya fara runtse ido yana fizgar kunama tun kafin ta tashi, kuma wannan ɗabi'ar ta fi wuyar cirewa a kan koyo. 6.5 Creedmoor mai giren 140 ko 7mm-08 shurinsu ya yi ƙasa sosai, kuma duk suna kayar da barewa ba wata-wata. Abin da za ka biya shi ne bututun 6.5 ya fi saurin cinyewa, wajen harbi 2,000 zuwa 3,000. Mai harba kwali ɗaya a wata, lissafa ka ga shekara nawa ke nan.

Gwajin gane ko ka fara tsoro: sayi harsashin wasa na roba, abokinka ya cakuɗa shi da na gaske a gidan harsashi ba ka gani ba. In ka zo kan na roban bakin bindiga ya yi ƙasa, to ga ciwon. Maganinsa jan kunama a gida babu harsashi, bayan ka duba ɗakin harsashi da ido da yatsa, da kuma ƙaramar bindiga mai harsashin .22 LR irin Savage Mark II in aljihu ya sake nan gaba. Kuɗin kwalin .308 ɗaya mai guda 20 zai saya maka ɗaruruwan .22.

Kowane ka zaɓa, sayi iri uku daban-daban ka gwada, don kowane bututu da abincin da yake so. Wanda harbinsa ya fi taruwa wuri ɗaya a takarda, da shi za ka yi saitin ƙarshe, da shi za ka shiga daji. Mai rufaffen kai na atisaye ba ya buɗewa a jikin dabba, huda kawai yake ya wuce, kuma dokar jiharku ta hana farautar barewa da shi.

Bakatsine:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. To ta hannu fa? Na ga tsofaffin Remington 700 da Savage 110 a shagon, kuɗinsu bai wuce na sabuwar Ruger ba.

Ɗan Maƙera:

Ana dacewa, in ka san inda za ka duba. Cire sakata ka haska fitila ta baya. Dubi farkon zaren cikin bututu da ke gaban ɗakin harsashi: in ya shafe ko ya yi faso-faso kamar busasshen tabki, bututun ya sha wuta. Dubi leɓen bakin bututu, ko ɗan ɓantarewa ɗaya yana watsa harbi. Tsatsa mai rami a ciki, ajiye musu abinsu. Ƙotar katako kuma a bayan ƙarfe take tsagewa, daidai inda hannu ke kamawa.

Sai gwajin makulli, bayan ka tabbatar babu komai a ciki: ɗana ta, sa makulli, ja kunama da ƙarfi, saki, sannan cire makullin. In ta tashi da kanta, wani ya taɓa kunamar ko ta ci, kada ka saya. A kan 700 musamman, a 2014 kamfanin ya yi kiranye ga masu kunamar X-Mark Pro da aka ƙera daga Mayun 2006 zuwa Afrilun 2014, saboda haka tambayi ko an gyara ko an canza ta. In ta tsallake duk wannan, ka biya maƙerin bindiga ya auna tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da harsashi da ma'auninsa.

Sarkin Baka:

Malam Na-Allah ya yi gaskiya a kan shuri, in 6.5 ta fi kwanta maka ɗauke ta. Abu biyu da ba a taɓo ba, Malam Bakatsine. A ƙananan hukumomin da ke kewaye da Philadelphia da wadda Pittsburgh ke ciki ba a farautar barewa da .308 ko 6.5, sai ka nausa gaba. Duba littafin da ake bayarwa tare da lasisi kafin ka zaɓi daji. Kuma riga da hula masu ruwan lemo dole ne, inci murabba'i 250 a kai da ƙirji da baya. A shago za ka cike fom 4473 na sayen bindiga, su binciki sunanka ta 'yan sandan jiha. Mai katin zaman dindindin yana saye. Mai bizar karatu ko aiki sai ya nuna lasisin farautarsa.

Kada kuma wani ya ba ka shawarar saka ta a kwantena in za ka gida. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa bindigogin soja masu faɗin 7.62mm, 9mm, .300 da .303 cikin haramtattu, kuma .308 faɗinsa 7.62 ne. Ba bindigar toka ba ce da za a ce ta maharbin ƙauye ce.

Malam Na-Allah:

Ka tafi da wuƙa mai kaifi a ɗamara, ba cikin jaka ba. Bisimilla lokacin jan kunama ake yi, in kuma ka iske ta da sauran rai sai ka yanka. Saiti bayan kafaɗar gaba, kashi ɗaya cikin uku daga ƙasan ƙirji. In ta ruga bayan harbi, sake ɗanawa, lura da itacen da ta bi ta gefensa, ka ba ta kamar minti ashirin zuwa talatin kafin ka bi jini.