Canel 1, 6 da 11 duk sun cika, in koma 3 ko 8?

Sabon_shiga: Assalamu alaikum jama'a, don Allah masana ku taimaka min. Ginin da nake zaune kusan kowa da rautarsa (router, na'urar da ke raba Wi-Fi), da rana Wi-Fi ɗina lafiya lau amma da dare ya yi sai bidiyo ya dinga tsayawa, kira yana yankewa alhali sigina a cike take. Na duba da manhajar WiFi Analyzer sai na ga kowa ya taru a canel (layin da rauta ke aika sigina a kai) 1, 6 da 11 amma 3 da 8 ba kowa a kai. To in koma can ne? Kuma in na ƙara ƙarfin sigina a setin zai yi amfani?

Mai_netwok: Wa'alaikumus salam. Ɗan uwa kar ka koma 3 ɗin nan, a ido ne kawai ba kowa. A zangon mitar 2.4GHz, inda waɗannan canel ɗin suke, tazarar da ke tsakanin canel da mai bi masa 5MHz ce kacal, shi kuma Wi-Fi yana cin faɗin 20MHz, kenan wanda ya zauna a 3 ya shiga gonar na 1 ya kuma shiga ta na 6. Shi ya sa ake zaɓar 1, 6 da 11, su ne ba sa hawa kan juna.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, in kuna canel ɗaya da maƙwabcinka rautocinku suna jin juna, kowace sai ta saurara kafin ta aika, in ta ji wata na aikawa ta dakata, gudu zai ragu kam amma a kan tsari ake tafiya. In kuwa ka raɓe a 3 to rautarka ba ta fahimtar abin da suke aikawa, hayaniya kawai take ji, sai bayanai su lalace a hanya a sake turowa a sake turowa, kai ka cutu ka kuma cutar da mutanen canel biyu. Ka duba cikin ukun nan da daddare lokacin da matsalar ke faruwa, ka zaɓi wanda siginar maƙwabta ta fi rauni a kai, ba lallai wanda ya fi ƙarancin sunayen Wi-Fi ba. Faɗin kuma ka bar shi a 20MHz, kar ka sa 40.

Injiniya_22: Gaskiya ne Malam. Ni dai in rautarka na da 5GHz, wato wani zangon mitar Wi-Fi daban da 2.4GHz, ka kwashe waya da kwamfuta ka mayar can, canel sun fi yawa kuma 36, 40, 44, 48 ba sa hawa juna a faɗin 20MHz. Ba ta ratsa bango sosai, amma a gini mai cunkoso wannan ma alheri ne tunda ta maƙwabta ba za ta iso ka da ƙarfi ba. Daga 52 zuwa sama akwai waɗanda ake kira DFS, ana raba su da na'urar rada (radar), in rauta ta ji rada dole ta tashi daga wurin, so in ka ga ta ɗauke na ɗan lokaci kar ka ce ta lalace.

Sabon_shiga: Na gode sosai, Allah ya ƙara basira. Saura maganar ƙara ƙarfin fa?

Mai_netwok: A'a bar shi. Wayarka ba ta da ƙarfin rauta, za ta ji rautar amma amsarta ba lallai ta koma da kyau ba, ka kuma ƙara wa maƙwabta hayaniya a banza. Gara ka ɗaga rautar sama a tsakiyar gida, nesa da maikurowef don shi ma wajen 2.45GHz yake aiki, Bluetooth ma a 2.4 ɗin yake, har kebul ɗin USB 3.0 yana kawo cikas in yana kusa. Sannan ka jona kwamfuta da rautar ta kebul da dare ka gwada, in nan ma yana ja to cunkoson daga kamfanin intanet ɗinka ne, canza canel ba zai gyara ba.