Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko: wace ce kazar a wurin Google?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Malamai, ku warware min wata magana da ta tsaya min a rai. Ina da ɗan shafin girke-girke, na yi rubutu a kan masar shinkafa, tun daga jiƙo da markaɗe har zuwa yadda ake gane ƙullu ya tashi da irin zafin da tanda take so. Sai da na soya sau huɗu ina auna komai da gwangwani kafin na rubuta. Wata shida rubutun yana can ƙasa, in ka nemi yadda ake masa a Google sai ka wuce shafi uku ba ka gan shi ba. Da azumi ya zo wata babbar jarida ta yi rahoto a kan abincin buɗa-baki, ta sa mahaɗi zuwa rubutuna, wato wurin da mai karatu zai latsa ya kai shi shafina. Ba a rufa wata ba ya hau shafin farko. Da na ba ƙanena labari sai ya ce, "Yaya, albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko." Ni ce ƙadangaren ke nan? Karin ya dace da wannan wurin kuwa?

Malam Na-Zaure: Wa alaikumus salam, Hajiya. Mu fara da hoton da ke cikin maganar. Tukunya ce ta fashe, aka ɗauki ɓarinta aka girke a inuwa, aka zuba wa kaji ruwa. Rana ta take, ƙadangare ya gangaro daga katanga yana gyaɗa kai, ya sha ya koma. Ba don shi aka zuba ba, bai kuma yi wa mai gida aikin komai ba. Kaza kuwa tana ƙwai, tana ƙyanƙyasa, ita ta jawo ruwan. Ba zagi ba ne, mutum kan faɗa wa kansa ma idan ya samu alheri ta dalilin wani. Amma a nan ƙaninki ya saka shi inda ba muhallinsa ba, domin ke kin yi aiki. Da ni ne, cewa zan yi yabon gwani ya zama dole.

Abu Sadik: Malam, a gafarce ni, ni ina ganin yaron bai yi kuskure ba. Rubutun da ya yi wata shida a ƙasa shi ne dai ya hau sama, ko wasali ba a canza ba. Abin da ya ƙaru mahaɗin jarida ne kawai. A kan haka aka gina Google tun asali. A 1996 Larry Page da Sergey Brin suna ɗalibta a jami'ar Stanford suka fara aikin da suka kira BackRub, suna bin diddigin wane shafi ne ke nuni zuwa wane. Daga nan tsarin PageRank ya fito, kamfanin Google ya kafu a 1998. Dabarar ita ce kowane mahaɗi shaida ce, kuma nauyin shaida yana bin nauyin mai bayar da ita. Shafin da manya suka shaide shi, in ya shaidi wani, sai ya ɗiba masa daga darajarsa. To darajar nan ba don Hajiya aka tara ta ba, jarida ce ta yi shekaru tana tarawa. Ruwan kasko ke nan.

Malam Na-Zaure: Na ji, Abu Sadik, na kuma ƙaru. Sai dai ka amsa min wannan: masu rubutu a kan masa suna da yawa, me ya sa ɗan jaridar ya zaɓi nata? Ƙadangare ba zaɓensa ake yi ba, fako yake ya sha. Ita kuwa kiran ta aka yi da suna. Wanda aka gayyata walima ba a ce masa ɗan cin arziki.

Baban Khalil: Ni zan nuna muku ainihin ƙadangaren, don na taɓa zama shi. Ina sayar da kayan sola, wani ya ce in biya shi zai sa sunan shafina a shafuka barkatai. Na biya. Da na bi sawu sai na tarar da mahaɗaina a ƙasan wasu rubuce-rubucen da ba su da alaƙa da sola ko kusa, wasu da harshen da ban ma san na wace ƙasa ba ne. Shafin ya ɗan motsa, daga baya ya koma inda yake, kuɗina sun tafi. Manya ma sun faɗa wannan rami. A Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo yadda kantin JC Penney na Amurka yake zuwa na ɗaya a neman kaya iri-iri ta hanyar dubban mahaɗai daga shafukan da ba ruwansu da kayan. Google ya hukunta shi, ya rikito ƙasa. A watan ne kuma Google ya yi wa tsarinsa na jera shafuka wani gyara mai suna Panda don danne rubutun da ba shi da nama, sai wani mai suna Penguin a Afrilun 2012 don mahaɗan bogi. Kayan aro ba ya rufe katara.

Inna Ta-Damagaram: Ni na taso ina jin kakata tana cewa "ya sha", ba "kan sha" ba. Akwai bambanci. "Ya sha" sau ɗaya ne, dace ne. "Kan sha" kuwa ɗabi'a ce, kullum yana nan yana jiran a zuba wa wani. Maman Ilham, in sau ɗaya ne, ki karɓa da godiya. Abin gudu shi ne mutum ya mayar da jiran kasko sana'a.

Abu Sadik: Inna ta kawo magana. Kuma ba kowane kasko ne da ruwa ba. Tun 2005 aka samar da wata alama da ake kira nofollow, wadda mai shafi zai liƙa wa mahaɗi don ya ce shi bai tsaya wa wancan shafin ba. An yi ta ne saboda masu cika wuraren sharhi da tallar kansu. Wikipedia haka take yi wa mahaɗan da ke fita daga cikinta. Na jaridar nan ya yi aiki ne saboda editan ya sa da hannunsa, a cikin magana a kan abinci, zuwa rubutu a kan abinci. Na yarda da Malam cewa kyan rubutun ne ya jawo shi. Abin da ban yarda ba shi ne a ce wa masu tasowa su yi rubutu mai kyau su naɗe hannu. Wata shidan nan ma shaida ce.

Malam Na-Zaure: To ku bari in juya karin, ku ga ko zai zauna. A shafin Hajiya, rubutun masa shi ne kazar. Don shi aka zuba ruwan. Sauran rubuce-rubucenta da ba wanda ya sani su ne ke kan katanga. Abu Sadik, in ta sa mahaɗi daga masa zuwa gare su, za su sha?

Abu Sadik: Za su sha, Malam. Darajar tana bin mahaɗan cikin gida kamar yadda take bin na waje, sai dai tana rarrabuwa gwargwadon yawansu. Kada ta jera ashirin, ta zaɓi waɗanda mai neman masa zai buƙata.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri, raina ya yi sanyi. Ina da rubutu a kan miyar taushe da na yi tun bara, da wani a kan sinasir. Yau da dare zan haɗa su da na masa. Na taushen sai na sake shi tukuna, don ban faɗi yawan kabewa da gyaɗar da ake sawa ba.