Likita ya ce hantar yarona ta tara kitse, TSH ɗinsa ma ya hau

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa dan Allah ina neman shawara. Yarona shekararsa 11, kilo 62, tun yana ƙarami mai jiki ne har kakarsa tana alfahari wai lafiya ce. Satin da ya wuce ya yi ta kukan ciki muka je asibiti aka yi masa hoto, likita ya ce hantarsa ta tara kitse, aka ɗibi jini gwajin hanta na ALT ya ɗan hau, TSH 6.1 amma wai T4 lafiya lau. Abin da ya tsaya min a rai ba a ba shi maganin tayirod ba, cewa aka yi mu rage masa zaƙi mu dawo bayan wata uku. Anya ba tayirod ɗin ne ya jawo ƙibar ba? Wallahi tun ranar ba na barcin kirki.

Anti Nas:
Wa alaikumussalam, Allah ya ba shi lafiya. Kwantar da hankalinki 'yar uwa, likitan bai yi sakaci ba. TSH saƙo ne da ke fitowa daga ƙasan ƙwaƙwalwa zuwa tayirod, halittar nan ta gaban wuya wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo, yana ce mata ta ƙara aiki, shi kuma T4 shi ne abin da take samarwa. To yara masu ƙiba da yawa TSH ɗinsu yana ɗan hawa alhali T4 na daidai, kuma sau da yawa ƙibar ce ta ɗaga shi ba shi ya kawo ƙibar ba, in nauyi ya ragu sai ki ga ya sauka da kansa. Galibi sai ya haura 10 ko T4 ya yi ƙasa ake maganar fara levothyroxine, wato maganin tayirod. In kun koma ki tambaya ko za a yi masa gwajin jini na anti-TPO saboda cutar Hashimoto, wadda garkuwar jiki ke kai wa tayirod hari, musamman in akwai mai maƙoƙo a dangi, sannan a duba ciwon hanta na B tunda ALT ya hau, kin san yadda yake da yawa a wajenmu. Ya tsayinsa yake? Yaron da tayirod ɗinsa ta gaza da gaske tsayinsa ke fara tsayawa, ga jin sanyi ga bushewar ciki ga yawan barci.

Baban Yusra:
Na shiga irin wannan da 'yata. Hajiya ki duba kuɗin tara da kike ba shi, ni sai da na bi diddigi na gano kullum lemon kwalba biyu take sha da biskit, ta dawo gida ga zoɓo mai uban suga a firij, da dare Indomie. Likita ya ce mana sugan lemo hanta ce ke fama da shi, in ya mata yawa sai ta mayar kitse. Muka daina siyo lemo gaba ɗaya har ni, don ba zai yiwu ina kurɓa tana kallo ba. Ta yi kuka sati biyu ba ƙarya. Bayan la'asar muna zagaya unguwa a ƙafa, Hukumar Lafiya ta Duniya ma minti 60 ta ce yaro ya motsa jiki kullum. Kuma dan Allah kar ki bari a kawo miki jiƙe-jiƙen wankin hanta, hantar da ta gaji ba a ƙara mata kaya.

Maman Khalifa:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Anti Nas shi ne ma mafi tsayi a ajinsu. Sai dai bayan wuyansa ya yi baƙi kamar dauɗa, na dirje da soso har yana kuka bai fita ba.

Anti Nas:
Ayya daina dirzawa, ba dauɗa ba ce. Yawanci alama ce jikinsa ba ya jin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, yadda ya kamata, kuma tafiyarsu ɗaya da kitsen hantar. Ki nuna wa likita a gwada masa suga kafin ya karya, kar ki jira wata ukun. Kakar ma ki tafi da ita ta ji da kunnenta.