Ƙirƙirarriyar basira za ta iya ceto yaren kakata?

Jikan Kaka:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kakata tana jin wani yare da yanzu tsofaffi kaɗai ke yi. Mu jikoki gaisuwa muka iya, sai zagi. Na jima ina naɗar muryarta a waya: tatsuniyoyi, waƙoƙi, sunayen itatuwa. Rubutawar ce ta gagare ni, maganar minti biyar sai ta cinye min yini. Na sa wata manhajar hira ta fassara min jimla zuwa yaren, ta zubo kalmomi tsaf. Da na karanta wa Kaka sai ta yi dariya har da hawaye, ta ce wannan kuma yaren aljanu ne? To ina amfanin na'urar?

Malamar Harshe:
Wa alaikumus salam, ɗana. Manhajar ba ta taɓa cin karo da yaren ba, ƙagawa ta yi. Da rubutun intanet ake horar da su, yaren da ba a rubutawa kuwa babu shi a can. Inda za ta taimake ka shi ne mayar da murya rubutu. A 2023 kamfanin Meta, mai Facebook, ya fitar da tsarin da ke gane magana a harsuna sama da 1,100, akasari daga karatun Sabon Alkawari da aka naɗa. In ka rubuta wani kaso da hannunka, mai ilimin abin zai iya ƙara horar da irinsa, ya riƙa ba ka rubutun farko kana gyarawa. Sai dai in yaren na da karin sauti, wato hawa da saukar murya da ke sauya ma'anar kalma, sa ido sosai, nan suke yawan tuntuɓe.

Ɗan Kwamfuta:
Ka dai yi hattara da inda kake loda muryar. Mutanen Maori na New Zealand, ta gidan rediyonsu Te Hiku Media, sun shirya gasa a 2018, suka tara magana sama da awa 300 cikin kwana 10, suka gina nasu tsarin. Kamfanoni sun nemi bayanan, mutanen Maori suka hana. Ka tambayi Kaka da danginta tukuna, wata waƙar ba ta kowa ba ce.

Baƙuwa:
Ni dai na'ura ba ta dame ni ba. Tatsuniya kaɗai ba ta isa ba, ka naɗe ta tana faɗa, tana ciniki, tana lallashin yaro. Ka ajiye kwafi wuri biyu, waya faɗuwa take yi. Kuma ka riƙa zaunar da ƙananan kusa da ita.

Jikan Kaka:
Na gode ƙwarai. Malama, baƙaƙen da za a rubuta yaren fa? Akwai sauti biyu da na rasa harafin da zan ba su.