Bayofsi na bakin mahaifa: wane suna za mu raɗa masa da Hausa?

Shekaranjiya na raka ƙanwata asibiti, likita ya ce za a yi mata bayofsi. Da ta nemi bayani, ma'aikaciyar jinya ta ce, "Ɗan yanka ne kawai." Nan take idonta ya ciko. Ta ɗauka tiyata ce, har tana tambaya ko mahaifar za a cire.

Ga yadda abin yake. Mace za ta kwanta, a sa ƙarfen da ke buɗe gaba, likita ya haska bakin mahaifa da na'ura mai ƙara girman abu. Sai ya shafa wani ruwa mai tsami, wurin da ke da matsala ya yi fari-fari. Daga nan ya ɗauki ɗan nama, bai wuce ƙwayar shinkafa ba, a kai ɗakin gwaji. Minti 15 zuwa 20 an gama. Za ta ji kamar an mintsine ta, sai ɗan murɗawar mara irin ta al'ada.

To wannan ne yanka?

Wasu sun ce a kira shi "ɗiban nama". Ban yarda ba, sai ka ce a mahauta ake. "Gutsuro" ya ɗan matso, amma akwai gaggawa da rashin tausayi a cikinsa. "Goge" kuma a bar wa gwajin Pap, wani gwajin bakin mahaifa na daban, tunda shi shafowa kawai ake yi, ba a taɓa nama.

Ni dai na tsaya a kan "tsakuren gwaji". Wanda ya tsakura, kaɗan ya ɗauka ya bar mai yawa, girman abin yana cikin kalmar. Malaman jami'a ma tsakure suke kiran ɗan taƙaitaccen bayanin da ke farkon maƙala, wanda ake karantawa a gane sauran. Aikin ke nan.

Kuma sunan zai ba mace bakin tambaya: "Likita, tsakure ne ko yanka?" Don akwai wanda yankan ne da gaske, inda ake fitar da nama mai siffar mazurari, shi sai an kashe ciwo ko an sa barci. Kafin a fara, ta faɗa wa likita idan tana da ciki, ko tana shan maganin tsinka jini irin su warfarin. Ta tambayi yaushe sakamako zai fito, wa zai yi mata bayaninsa. In ta ga CIN 1, 2 ko 3 a takarda, sauyin ƙwayoyin halitta ne da yawanci ƙwayar cutar HPV, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa, ke jawowa, ba a kai ga sankara ba.

Ɗigon jini ko baƙin ruwa na 'yan kwanaki ba abin tsoro ba ne, a dai dakatar da saduwa har wurin ya warke. Jini mai yawa, zazzaɓi ko ruwa mai wari, a koma asibiti a ranar.

Na gwada kalmar a kan ƙanwata. Ta ce, "Yaya, da haka suka ce tun farko ai da na yi barci."