Shekara takwas a Ingila, harshena ya ƙi mantawa da gida

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata takwas ke nan a Lesta, kuma abin da ya fi damuna yanzu kewar abincin gida ce: miyar kuka mai daddawa, masa, fura da nono, kilishi. Tuwona ba ya kamawa, masata ba ta tashi, kukar da na saya a shagon kayan gina jiki ta fito fara sol mai tsami. Ƙanena zai zo wata mai zuwa. Me zan ce ya taho da shi, me kuma zan iya haɗawa a nan? Ku taimaka don Allah.

Wata uwa daga Landan: Wa alaikumus salam 'yata. Fara da abin da ba zai ɗauko ba, kada a tsare yaro a filin jirgi. Doka ta hana shigo da nama da duk wani abu na madara daga Najeriya. Kilishi, dambun nama, man shanu, cuku, duk ya bar su a gida, ko da an naɗe su cikin atamfa. Kifi busasshe ko banda an yarda, har kilo 20 ga mutum ɗaya, zuma kuma kilo 2. Dabino ma yana wucewa. Kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji da daddawa a daka su, a tankaɗe, a ƙulle cikin leda biyu a rubuta sunan kowanne a jiki. Daddawar nan a ƙara mata roba mai murfi, in ba haka ba duk kayan sawarsa sai sun ɗauki ƙamshinta. Kafin ya taso ya duba shafin gwamnatin Birtaniya, don dokar tana sauyawa.

Ita kuwa farar kukar da kika saya, garin 'ya'yan kuka ne, ba na ganye ba. Wannan sai dai ki dama a nono. Garin ganyen, mutanen Senegal suna ce masa lalo, da wannan sunan za ki neme shi a shagunan 'yan Afirka ta Yamma.

Wata daga Birmingham: Yaya, ke da kike Lesta ai kina zaune bakin kasuwa ba ki sani ba. Shiga shagunan Indiyawa na Belgrave Road. Gero su bajra suke ce masa, dawa jowar, tsamiya imli, man shanu kuma ghee. Matsalar tuwonki shinkafa ce. Basmati da shinkafar da aka turara ba su da danƙo, ko ki kwana kina tuƙi warwarewa za su yi. Nemi gajeriyar shinkafar da Turawa suke yin fudin da ita, wadda suke ce wa pudding rice. Kofi 2 na shinkafa, kofi 6 na ruwa, ki bar ta ta dahu luɓus har ta fara narkewa kafin ki sa muciya. In kin tuƙa ki rage wuta, ki rufe minti 10 ya turara, ki sake tuƙawa sannan ki kwashe.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. To masar fa? Nan ne nake shan kunya.

Mai sana'ar masa a Manchester: Hajiya, sanyi ne yake kashe miki ƙulli. A gida rana take tayar da shi, a nan kicin ɗinki bai kai wannan ɗumin ba. Jiƙa wannan gajeriyar shinkafar kofi 3 ta kwana. Dafa rabin kofi daban ta yi laushi, ki bari ta huce sosai, domin in kin zuba da zafi yis ɗin mutuwa zai yi. Markaɗa su tare da albasa ɗaya da ruwa kaɗan, kaurin ya zama kamar na koko mai kauri. Sa yis ƙaramin cokali 1 da sukari babban cokali 2, gishiri kuwa sai za ki soya. Kunna oba minti 2 kawai, ki kashe, ki sa kwanon ciki a rufe awa 3 zuwa 4. In ya yi kumfa ya kusa ninkawa, ya tashi. Idan ya wuce ya yi tsami da yawa, jiƙa kanwa ki tace ki ɗiga kaɗan-kaɗan kina ɗanɗanawa. Ta yi yawa masar za ta yi rawaya da ɗaci.

Tanda kuma, akwai wadda Indiyawan kudu suke soya paniyaram a ciki, ramukanta sun fi namu ƙanƙanta amma tana aiki. Duba murhunki kafin ki saya: in irin mai aiki da maganaɗisu ne, tandar alminiyam ba za ta yi zafi a kai ba. Wuta matsakaiciya. Masa mai baƙin baya da ɗanyen ciki, wuta ce ta yi yawa.

Wani dattijo: Ina ƙara wa 'yata abu guda kan daddawa. In ta gida ta ƙare, iru ta Yarbawa ita ce dai ta 'ya'yan ɗorawa, sai dai jiƙaƙƙiya ce kuma da gishiri. A shanya ta a oba da wuta kaɗan, a daka, a rage gishirin miya. A buɗe taga fa, maƙwabta ba su san darajarta ba.

Wata daga Birmingham: Baba ya yi gaskiya. Fura kuma: garin bajra kofi 2, citta, kanumfari, masoro da ɗan barkono, a kwaɓa da ruwa kaɗan a cura, a jefa cikin tafasasshen ruwa minti 25. Kirɓa ta tun da zafinta, in ta huce gudaji za ta yi. Garin gero yana saurin ɗaci saboda man da ke cikinsa, don haka sayi ƙaramar leda ki ajiye a firiza. Yogot marar sukari a sirka da ruwa yana tsayawa a madadin nono, in kina son tsamin kindirmo ki haɗa da kefir, wani irin nono mai tsami.

Ɗan mahauta: Kilishi ba sai an ɗauko ba, Anti. Sayi naman cinyar sa marar kitse kilo 1 a wajen masu yankan halal, ki sa a firiza awa 1 ya ɗan daskare, a nan zai yanku siriri. Jera a kan ragar oba, zafi digiri 70 na Selsiyus, ki ɗan sake ƙofar don tururi ya fita, awa 3. Labu kuma da tunkuza ake yi. Markaɗaɗɗiyar gyaɗar kwalba mai ya yi mata yawa, kilishin ba zai bushe ba, sai kin murza ta da ruwan zafi kaɗan-kaɗan man ya fito kin matse. Haɗa da citta, kanumfari, barkono, albasa, gishiri da ɗan sukari, tsoma naman, mayar oba ya sake bushewa. A ƙarshe ɗaga wuta zuwa 180 na minti 5, ki tsaya a kai, gyaɗa ba ta da wuyar ƙonewa. Sai ya huce sarai za ki sa a leda, in ba haka ba zai yi gumi ya yi fumfuna.